Ɗaya Daga Cikin Yarana Biyu

Ashtabula, Ohio
19 ga Satumba, 1978

Zuwa ga matata Verlene,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Odessa da Alvin. Yaya ƙafar Mama? Yaya 'yan ajinki na bana, sun fi na bara jin magana? Wasiƙarki ta iso ranar Alhamis, a tsaye na karanta ta a bakin ƙofa, ko takalmi ban cire ba.

Kin tambaye ni ko ki sanar da shugabar makaranta cewa za ki ajiye aiki a Disamba ku taso. Ki ɗan dakata tukuna. Ba wani abu ne ya faru ba, sai dai mun buga wasa uku mun sha kashi a ukun, kuma duk garin nan yarana ake nuna wa yatsa. A ƙungiyar ƙwallon Amurka ta garin nan, ni aka ɗauko in horar da masu gudu da ƙwallo a hannu, to ga shi ƙwallon ba ta gudu.

Su biyu ne, dukansu bana suka fara. Ozell Pettway ɗan Alabama ne, dogo siriri, in ya sami fili ko barewa sai ta yi da gaske. Matsalarsa ita ce, in ƙattinmu na gaba suka buɗe masa kafa a tsakanin abokan karawa, maimakon ya kutsa sai ya tsaya yana rawa yana neman wadda ta fi ta faɗi, har wadda ya samu ta rufe. Na biyun Casimir Bielak, Kaz ake ce masa, ɗan garin nan ne, gajere kakkaura, wuya kamar turmi. Shi ba ya rawa, ko bango ne a gabansa zai sa kai. Amma sau biyar ke nan ƙwallo tana suɓuce masa. Ranar Asabar wani mutum ya miƙe a cikin 'yan kallo ya ce, "Kaz, man shanu babarka ta shafa maka a hannu?" Babar tasa tana zaune layi biyu a ƙasansa. Ban ga ta juya ba.

Na sa Kaz ya riƙa yawo da ƙwallo duk inda za shi, har wurin cin abinci, na ce duk wanda ya buge ta daga hannunsa ni zan ciyar da shi rana. Sati guda ƙatti suna kai masa farmaki, babu wanda ya ci abincina. Abin ya ɗaure mini kai.

Ina son yaran nan, Verlene. Suna tuna mini da ni a shekarata ta farko, lokacin da kike zuwa kallo kina rufe ido da jakarki.

Ki gaida Mama. Ki ce wa Alvin na ji labarin tagar maƙwabta. Nan babu mai iya soya tarwaɗa, kullum dankali.

Mijinki,
Lemuel


10 ga Oktoba, 1978

Verlene tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Na ji daɗi da kumburin ƙafar Mama ya saɓe. Ni lafiyata ƙalau, sanyi ne dai ya fara busowa daga tafki.

Na yi wani abu ranar Litinin da har yau bai bar ƙirjina ba.

Wasa shida, ɗaya muka ci. Babban kocinmu, Mabry, ya kira ni ofishinsa ya ce mai ƙungiya ya gaji da yara, yana son gogagge. Kin san wa suka nemo? Booker Tillis. Booker ɗin nan namu, wanda ya cinye miki rabin kaza ranar sunan Odessa. Shekararsa talatin da uku yanzu. Kuma adadin 'yan wasa a ƙayyade yake, in ɗaya ya shigo dole ɗaya ya fita.

Na yi magana iya ƙarfina. Na ce mai gudu da ƙwallo ba ya nuna kansa a wasa shida, sai ya ga kafa ɗari ta buɗe ta rufe kafin idonsa ya waye. Na ce in muka kawo Booker za mu ci wasa biyu ko uku, baɗi kuma mu koma inda muke, ba yaro ba tsoho. Na ce ba a tone shuka don a duba ko saiwa ta kama. Mabry ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Lem, ni ba noma nake yi ba. Kujeru dubu huɗu ne a filin wasa babu kowa a kansu. Zaɓi ɗaya, ko in zaɓa maka."

Ba mugun mutum ba ne. Shi ma wuyansa a kan gungume yake.

Na zaɓi in riƙe Ozell. Na ce a raina rawa ana iya koya wa mutum ya daina, gudu kuwa ba a koyar da shi. Kaz kuma ya ƙara zubar da biyu, bakwai ke nan.

Mabry ya ce zai aika a faɗa masa, na ce a'a, ni na horar da shi, ni zan faɗa. Na same shi shi kaɗai a ɗakin canza kaya yana ɗaure igiyar takalmi. Na shirya magana mai tsawo, amma da ya ɗago ya dube ni sai duk ta gudu. Na ce, "Kaz, ba sai ka ɗaure ba." Ya daɗe yana kallon igiyar. Sannan ya ce, "To, Koci. Na gode da ka zo da kanka." Ya kwance takalman, ya jera su, ya ajiye hular kwanonsa a kai. Na jira ya zage ni ko ya roƙe ni. Bai yi ko ɗaya ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne ko zai iya fita ta ƙofar baya, don 'yan unguwarsu suna zama a ta gaba.

Ozell bai yi mini magana ba kwana biyu. Ashe tun Agusta a gidan su Kaz yake cin abincin Lahadi.

Maganar tasowa dai ki ƙara haƙuri. Ki sumbaci yara.

Naki,
Lemuel


7 ga Nuwamba, 1978

Verlene,

Da fatan kuna lafiya. Ki yafe mini shirun da na yi, sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa.

Booker ya iso yana ɗingishi yana dariya, ya ce in gaishe ki, wai har yanzu yana mafarkin kazar nan. Ranar farko a filin atisaye, mai jifanmu, Lunsford, wanda shi ke miƙa wa masu gudu ƙwallo, ya miƙa masa sau ɗaya, sau biyu. A na uku Booker ya tsaya cak, ya juyo ya ce, "Kai dogo, a ciki ake sa wa mutum ƙwallo, ba a haɓa ba. Abinci kake ba ni?" Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Da aka tashi na wuce ɗakin majigi na ɗauko faifan wasanni shidan nan. Na sa, na mayar, na sake sawa. Verlene, a cikin bakwai ɗin da Kaz ya zubar, biyar ba laifinsa ba ne. Lunsford dogo ne, ya saba da tsayin Ozell. In Kaz ne ya taho, sai ƙwallon ta same shi a saman ƙirji, kan sulken kafaɗa, tun kafin hannunsa ya rufe ta riga ta yi tsalle. Na kalli faifan nan fiye da sau ashirin a baya. Hannun Kaz nake kallo kullum, ban taɓa kallon hannun da ke miƙa masa ba. Booker a miƙa uku ya gane abin da na kasa ganewa a wata biyu.

Na kai wa Mabry. Ya kalla, ya shafa fuska, ya ce, "Ka yi gaskiya. Amma an rufe rajista, babu mai shiga sai baɗi." Lunsford da aka nuna masa har ƙwalla ya yi. Shi ma yaro ne, bai sani ba. Wanda aikinsa ne ya sani, ni ne.

Mun ci wasa biyu a jere da Booker, kujeru sun fara cika, jarida ta ce mai ƙungiya ya yi hangen nesa. Ba su ga gwiwarsa ranar Lahadi ba, kamar kabewa, likita na zuƙe ruwa da allura, shi kuwa Booker yana ba mu labarin ban dariya. Ozell yana nan yana rawarsa, ko da yake ta ragu. Booker ya ce masa, "Yaro, kafar farko ita ce matarka, sauran duk matan mutane ne." Da alama wannan ya fi shiga kansa fiye da duk zanen da na yi masa a allo.

Ban je wurin Kaz ba. An ce ya sami aiki a tashar jiragen ruwa, wurin lodin gawayi. Sau biyu ina bi ta titin gidansu a mota ban tsaya ba. Kin san ni da kunya in na yi laifi.

Ki sa ni a addu'a ranar Lahadi. Ki gaida Mama da yara.

Mijinki,
Lemuel


5 ga Disamba, 1978

Zuwa ga Verlene, uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Na sami wasiƙarki, na kuma ji faɗan. Kin ce mutum ba ya bin titi sau biyu, ya tsaya ya ƙwanƙwasa. Na je.

Amma bari in fara da yadda kakar wasa ta ƙare. Gwiwar Booker ta tafi a wasa na goma, ba ma wanda ya taɓa shi, juyawa kawai ya yi ya zauna. Ya gama ƙwallo ke nan. Ozell ne ya ɗauki wasanni biyun ƙarshe. A na farko ya yi gudun yadi ɗari da goma sha huɗu da ƙwallo, har mutanen da ke zaginsa suna kiran sunansa. A na biyu rawa ta dawo, yadi talatin da ɗaya. Mun tashi da ci huɗu, faɗuwa takwas.

Ranar Laraba na sami Kaz a tasha lokacin hutun rana, zaune a kan katako yana cin burodi da tsiran nama, fuska baƙi ƙirin da ƙurar gawayi. Ya matsa mini na zauna. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya ci gaba da tauna, sannan ya ce, "Na sani, Koci."

Na ce, "Ka sani? Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun ta biyu."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Sabon shiga ya kai ƙarar mai jifa? Cewa za a yi ina neman wanda zan ɗora wa. Na ɗauka za ka gani a faifai. Kullum in ka fito daga ɗakin majigi sai in kalli fuskarka."

Verlene, da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Na ce masa baɗi zan tsaya sai an dawo da shi. Ya girgiza kai. Ya ce kawunsa ne ya tsaya masa kafin ya sami aikin nan, mutum arba'in na layi, in ya bari ba zai sake samu ba, kuma a watan Mayu zai yi aure. Ya ce bai riƙe ni a zuciya ba. Da aka busa usur na komawa aiki ya tashi ya karkaɗe wando, ya ce, "Abu ɗaya dai. Ozell ya ce mini suna shirin sallamarsa. In gaskiya ne, wannan karon ka kalli faifan da kyau tukuna."

Gaskiya ne. Ranar Juma'a muka zauna da Mabry da mai ƙungiya, sunan Ozell na cikin waɗanda za a sallama. Kafin nan na kwana biyu a kan faifansa, gudu ɗaya bayan ɗaya. Ban ga tauraro ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Na ga yaron da a Satumba yake tsayawa sau bakwai cikin goma, a Nuwamba sau uku. Na faɗa musu haka. Mai ƙungiya ya ce uku ma sun yi yawa. Sai na ji bakina yana cewa, in Ozell zai tafi, a haɗa da ni.

Mabry ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Mai ƙungiya ya ce, "Shi ke nan. Shekara ɗaya, kai da shi. In ya faɗi, mota ɗaya za ku hau." Na sa hannu a takarda.

Na yi wannan ban shawarce ki ba, alhali ba wuyana kaɗai na sa ba, har da naki da na yara. Ban san ko Ozell zai zama abin da nake zato ba. Na riga na yi kuskure sau ɗaya bana da cikakken tabbaci. Saboda haka ba zan ce ki ajiye aikin shekara goma sha ɗaya ki taso kan alkawarin shekara ɗaya ba. Na ga wani gida mai ɗaki uku kusa da makaranta, matar da ke da gidan ta ce za ta jira ni zuwa ƙarshen wata. In kin ce a kama, a kama. In kin ce ku zauna a Greenwood sai mun ga abin da baɗi za ta haifa, ba zan ce komai ba, zan ci gaba da cin dankalina.

Zan taso ranar ashirin ga wata, in kwana a hanya. Kada ki ba ni amsa a takarda. Ina so in ji ta daga bakinki, ko wace iri ce.

Ki gaida Mama, ki gaida Odessa da Alvin.

Mijinki har kullum,
Lemuel Gatewood