Tagar Gabas

Arlit, 3 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanena Ramalan, a Hanoi,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da cinikin kayan babur. Na bi hoton gidan da ka aiko sau da ƙafa: faɗi mita huɗu, hawa huɗu, irin na mutanen can. Ɗan littafin siminti na karanta shi sau uku. Rodi sabo na sa, ban taɓa tarkacen ƙarfen mahaƙar yuraniyam mai guba ba, kamar yadda takardar gargaɗi ta ce.

Amma akwai abin da babu littafin da ya faɗa. Jiya magini ya kai hawa na uku, ya yi kiran da aka saba: "Za a hau sama!" Matan maƙwabta suka shige ɗaki. Da na hau, daga gurbin tagar gabas na ga tsakar gidan maƙwabcinmu Intala duka, har makewayinsu marar rufi. Nan take na sauko. Yau bai amsa sallamata ba. Shekara talatin katangarmu ɗaya, kuma matarsa Mina ce ta wanke gawar Inna.

Ina jiran shawararka. Ka huta lafiya.

Yayanka, Zayyadu

Hanoi, 7 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Kai dai da tsoro! Nan taga na kallon taga, ba wanda ya mutu. Arlit ta canja, zamanin gidan laka ya wuce. Tagar nan ita ce iskar gidan. In ka toshe ta, tanda ka gina mana. Rataya labule, tsohon zai huce. A gai da mutan gida.

Ramalan

Arlit, 13 ga Afrilu

Ƙanena,

Bayan gaisuwa. Labule iska ke ɗaga shi. Kiran magini na wuni ɗaya ne. Wanda zai zauna a sama fa, zai yi ta kira har ya mutu? Kwana goma Mina tana hura wuta cikin ɗaki, a wannan zafin, don kada a hango ta daga sama.

Na sa an toshe tagar. Na zauna ciki awa guda da ma'aunin zafi: arba'in da bakwai. Gaskiyarka, tanda ce. Ina saukowa na ji daka a tsakar gidanta.

Intala bai yi magana ba tukuna, amma ya miƙo shayi ta kan katanga. Na farko ne, mai ɗaci. Ina jiran na biyu, mai ɗan zaƙi.

Allah ya dawo da kai lafiya.

Zayyadu