Kiyashi a Kan Lambar Baba

Can Tho

Daga garin Can Tho zuwa ga ƙanena Thinh,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da shagon tsofaffin lambobin soja.

Ka tuna watan jiya ka ɗauki lambar yabon Baba ta soja daga teburin kakanni, inda muke tunawa da mamatanmu, wai za ka goge ta? Tun da ka dawo da ita kiyashi suka yi mata sansani. Shekara talatin tana jingine da hotonsa, ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba. Na shinshina, sai warin romon kifi. Ni ce fa na goya ka, Thinh. Na san yadda 'yan kasuwarku ke jiƙa sabuwar tagulla a romon kifi da shayi ta fito kamar ta ga yaƙi.

Ina lambar ubanmu? Ranar tunawa da rasuwarsa ta kusa, ba zan kunna masa turare a gaban jabu ba.

Yayarka,
Quyen

Saigon

Yaya Quyen,

Gaisuwa mai yawa, da tambayar ciwon gwiwa.

Haba Yaya! Duk Saigon, in ana shakkar lamba ni ake kawo wa. In duba nauyi, in duba allurar baya da hatimin maƙera, abin da na faɗa ya zauna. Yanzu kiyashi ne za su ƙaryata ni? Wadda ke kan teburin ita ce ta Baba, ta gaske, ko a gaban wa zan maimaita. Ki rage zuba sukari kusa da ita kawai.

Ƙanenki mai biyayya,
Thinh

Can Tho

Thinh,

Ina gaisuwa. Na gode da ka tabbatar, hankalina ya kwanta.

Har na yi baƙo. Matarka ta yi suɓutar baki ta ce wani dattijo Khiem, mai tara lambobi, ya sayi wata irin ta Baba a hannunka. Na gayyato shi shan shayi. Na wanke ta teburin tas, na nuna masa, na karanta masa kalamanka. Ya ce, "A bataliyar mahaifinku mutum ɗaya aka ba wannan lamba. In ta gidan ce ta gaske, to ni me ya sayar mini?"

Na ce, "Kawu, ni me na sani? Shinkafa nake sayarwa."

Bai ƙarasa shayin ba.

Yayarka

Saigon

Yaya,

Kin kashe ni. Khiem ya tsaya tsakiyar kasuwa yana kirana ɗan damfara, waɗanda suka taɓa saye a wurina duk suna dawo da kaya. Ta hannunsa ita ce ta gaske, kin sani! In na faɗa, na zama wanda ya sace wa ubansa a teburin kakanni. In na yi shiru, na zama mai sayar da jabu. Don girman Baba ki yi masa magana.

Thinh

Can Tho

Ƙanena,

Gaisuwa. Khiem ya dawo jiya, ya jefar da lambar da ka sayar masa a tsakar gidana, wai jabu ce, ya ce a ba yara su yi wasa. Na ɗauka, na goge, na jingina da hoton Baba. Ban ji tausayinka ba ko kaɗan.

Taka ta jabun tana cikin wannan ambulan. Ka zo ranar tunawa, dangi duk za su hallara. Ka maƙala ta a ƙirji.

Yayarka,
Quyen