Na Rubuta "Yanke", Aka Yanke wa Choji Hukunci

Hajiya Azumi, ina gaisuwa.

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Alhamis, domin bayan Alhamis ko kin ba ni ba ta da sauran amfani. In za ki buga wasiƙar a shafinki, kada ki sa sunana. Ki kira ni Malamin Hausa, tunda wannan laƙabin ne ya kai ni inda nake.

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da Hausa a wata sakandare nan Ƙaura Namoda. Ni mutum ne da ba a yin kuskuren nahawu a gabansa a tashi lafiya. Ko a allon mai shayi na ga an rubuta ƙwai babu lanƙwasa, sai na tsaya na yi masa darasi, shayin ya huce. Bara wata ƙaramar ƙungiya mai kula da mata masu ciki ta ɗauke ni aikin wucin gadi saboda wannan baiwar tawa da ta addabi gari.

Ga yadda aikinsu yake. Ungozomomi daga ƙauyukan Shinkafi da Zurmi suna turo saƙon waya kullum, ɗaruruwa. Kwamfuta ke tace su. In ta ga kalmar haɗari, kamar naƙuda ko zubar jini, sai ta ɗaga saƙon sama a tura mota. Sauran kuma su jira a karanta su ƙarshen mako. Ana tacewar ne da wata dabarar binciken rubutu da masu sana'ar ke kira regex. Ka tsara wa kwamfuta siffar kalmar da kake nema, ita kuma ta bi saƙon harafi bayan harafi. In ta kama hanya ta ga ba ta ɓullewa, sai ta ja da baya ta gwada wata, kamar ɗan kabu-kabun da ya tarar ruwa ya cinye gada.

Ƙungiyar tana da nata laburaren wannan dabarar, wato tarin umarnonin da ake ba kwamfuta, wanda ya san haruffanmu masu lanƙwasa. Aikina shi ne in rubuta masa littafin jagora da Hausa, don masu haɗa manhaja su san me kowane umarni ke yi. Shugabarmu, Hajiya Saude, ta kafa doka cewa kowa a ofis da jagorar Hausa zai yi aiki, ba ta Turanci ba, don a gane inda ta gaza. Ni na zuga ta ta kafa dokar, saboda na tabbata ba za ta gaza ko'ina ba.

To, akwai wasu 'yan umarnoni da ke hana kwamfutar ja da baya, don kada ta ɓata lokaci. Biyu daga cikinsu su ne suka kashe ni. Ɗaya sunansa PRUNE. Shi cewa yake yi: in nan wurin bai yi ba, bar shi, matsa gaba ka sake nema. Ɗayan sunansa COMMIT. Shi kuma cewa yake yi: in nan wurin bai yi ba, an gama, kada ka ƙara duba ko harafi ɗaya a saƙon. Yanzu kin ga na iya bayaninsu da kyau. A littafin kuwa ban yi haka ba, don a lokacin gani nake dogon bayani aikin waɗanda ba su ƙoshi da harshe ba ne. Gaban COMMIT na rubuta kalma ɗaya, "yanke", ina nufin yanke hukunci. Gaban PRUNE na rubuta "sassabe", don ta yi mini daɗi a baki. Na koma na jingina da kujera ina jin Hausa ta ci gaba da shekara hamsin.

Mai haɗa mana manhaja shi ne Choji, mutumin Filato, shekararsa tara a Ƙaura, matarsa Ada tana ɗinki a bakin kasuwa. Shi ya koya mini komai na kwamfuta, daga yadda ake adana gyara har yadda ake duba tarihin shafi a ga wa ya canza me, kuma yaushe. Da ya iso wannan shafin ya zo ya roƙe ni in sa misali ko ɗaya. Na amsa masa cewa Hausar Jos ce ke buƙatar misali, tamu a bayyane take. Ya yi dariya ya tafi. Ashe ya je ya tambayi maigidan da yake haya, wani manomin gero, ma'anar sassabe. Tsohon ya gaya masa gaskiya: sassabe shi ne a share daji kaf, kada a bar ko kututture. Choji ya ce a ransa wannan ya yi tsanani, shi reshe ɗaya kawai yake son cirewa. Sai ya ɗauki "yanke". Hajiya Azumi, duk wanda ya ji Hausa abin da zai ɗauka ke nan. Na juya ma'anonin biyu kai a ƙasa, ina taƙama.

Ya dasa umarnin a tsakiyar kalmar naƙuda, bayan "na", saboda mutane na rubuta sauran ta hanyoyi iri-iri. Daga ranar, da zarar kwamfuta ta ci karo da "na" na farko a saƙo, ta ga ba "ƙuda" ke biye ba, sai ta naɗe tabarmarta ta bar saƙon. Ki duba da kanki inda "na" yake: ina kwana, ina wuni, ina gajiya, na gaishe ku. Wato mun ƙera injin da ke hukunta duk wanda iyayensa suka yi masa tarbiyya. Mako uku saƙonnin naƙudar da ke hawa sama kusan duk na Amarachi ne, wata nas a Moriki da ba ta taɓa gaishe da kowa a waya ba. Har yaba mata aka yi a taro, wai ita kaɗai ke aiki.

Ranar wata Talata da safe Asibi, ungozomar Badarawa, ta turo wannan: "Ina kwana, na gaishe ku da aiki. Ladidi na naƙuda tun jiya, ɗan ya ƙiya hitowa, ku aiko muna mota." Kwamfuta ta karanta haruffa uku ta yanke hukunci. Mota na ajiye a inuwa, direba na cin gyaɗa. Sai bayan azahar 'yan uwan Ladidi suka gaji da jira suka ɗora ta a babur zuwa Shinkafi, a kan hanyar da ko mai lafiya ba ya bi sai da addu'a. Allah ya kiyaye, ta rayu, ɗan ma ya rayu, amma sun yi kwana takwas a asibiti.

Ga inda nake jin kunyar rubutawa. Da aka gano inda matsalar take, kafin a kira taro, na buɗe shafin na gyara shi. Na cire "yanke" da "sassabe", na zuba bayani layi shida har da misalai biyu. Bayani ne mai kyau ƙwarai, ban taɓa rubuta kamarsa ba. A taron Choji ya ce jagora ya bi. Hajiya Saude ta buɗe shafin ta karanta da ƙarfi, komai fes. Sai wani ya ce ai dama Hausar baƙo ba ta wuce ciniki, aka yi 'yar dariya. Ni kuma, gwanin harshe, na zauna ina nazarin takalmina. Choji ya dube ni sau ɗaya bai ƙara cewa komai ba. An dakatar da shi, ranar Alhamis kwamiti zai zauna a kan korarsa.

Tun ranar abinci ba ya mini daɗi. Abin da ya fi ci mini rai, har yanzu in mun haɗu a hanya shi ke fara gaishe ni, jiya ma Ada ta aiko da ɗinkin matata ta ƙara mata ɗankwali. Wani lokaci nakan ce wa kaina ai shi ma da laifinsa, me ya hana shi gwadawa da kyau? Kuma shi yana da sana'a, ko'ina zai sami aiki, ni kuwa in aka ji Malamin Hausa ya kasa fassara kalma biyu, da wane ido zan shiga aji? Na san wannan tunanin ba shi da kyan gani, shi ya sa na rubuto miki shi ban gaya wa matata ba. Shin akwai hanyar da zan cece shi ba tare da na tona kaina ba?

Naki,
Malamin Hausa, Ƙaura Namoda

Malam,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, ban sami kuskuren nahawu ko ɗaya ba. Ina taya ka murna. Da hali ma ana duba shi da jan biro, da yau ba mu san inda za mu fara ba.

Tambayarka ta ƙarshe ita zan fara amsawa: babu. Kana neman in nuna maka yadda za ka fitar da mutum daga ramin da kake tsaye a kan murfinsa ba tare da ka ɗaga ƙafa ba. Ban san wannan dabarar ba, da na sani ma ba zan koya maka ba.

Amma bari in raba maka laifin yadda yake, don ka haɗa abubuwa biyu wuri ɗaya. Na farko kuskure ne. Ka zaɓi kalma don daɗinta, ka ƙi sa misali don girman kai. Wannan ba kai kaɗai ke da shi ba. Da alama Choji ya gwada injinsa ne da saƙonnin da babu gaisuwa, bayan shekara tara yana zaune cikin mutanen da ko gobara suka zo faɗa sai sun tambayi lafiyar iyali. Hajiya Saude kuma ta bar ran mata a hannun kwamfuta har ƙarshen kowane mako babu idon mutum a kai, sannan ta hana ma'aikacinta duba wani littafi sai naka. Da a nan maganar ta tsaya, da ku uku za ku raba kunyar, kowa ya ɗauki rabonsa ya gyara.

Na biyun kuwa naka ne kai ɗaya. Ka canza shafi a ɓoye, ka mai da mai gaskiya maƙaryaci a gaban jama'a, ka bari aka yi wa harshensa dariya alhali ya fi ka fahimtar sassabe. Shi ya je ya tambayi manomi. Kai ka tambayi kunnenka.

Ga abin da za ka yi, kuma kafin Laraba. Ka fara zuwa gidan Choji, ba a waya ba, ka faɗa masa abin da ka yi da gajerun kalmomi, tunda ka ƙware a kansu. Daga nan ka je wurin Hajiya Saude ka buɗe mata tsohon shafin da sabon, ta ga ranar da aka yi gyaran. Ka nemi a bar ka ka maimaita a gaban waɗanda suka yi dariyar, don a gabansu aka zubar masa da mutunci. Wataƙila su sallame ka daga aikin wucin gadin. Kana da ajinka, shi kuwa wannan ne abincin gidansa, kuma korar da aka yi wa mutum a kan ran mai naƙuda tana bin sa duk inda ya nemi aiki.

In sun bar ka, ka sake rubuta shafin kai da shi. Kowane umarni a faɗi abin da yake yi in an ja da baya an same shi, da abin da yake hanawa, da misali daga saƙon gaske. Gaban wancan mai tsayar da bincike gaba ɗaya a sa gargaɗi da manyan haruffa. Misalin farko ya zama saƙon Asibi, da gaisuwarsa duka, in ta yarda. Ku kuma roƙi shugabarku a sa mutum ya riƙa duba saƙonnin kowace safiya. Ladidi ma tana da haƙƙin a je Badarawa a ba ta haƙuri.

Saura abu ɗaya da ka rubuta da hannunka ba ka lura ba. Ka ce Choji ne ya koya maka yadda ake duba tarihin shafi, a ga wa ya canza me, kuma yaushe. Malam, kana tsammanin wanda ya koya maka ya manta? Tun a ɗakin taron yana iya buɗe tarihin nan cikin minti ɗaya ya kwance maka zani a gaban kowa. Ya dube ka, ya yi shiru, yana ta gaishe ka a hanya. Ni a ganina ba kwamiti yake jira ba. Kai yake jira, ya ga ko za ka iya abin da kwamfutarku ma ta iya kafin ka hana ta, wato ka ja da baya ka sake hanya.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya raya ɗan Ladidi, ya mai da Choji kan kujerarsa da mutuncinsa. In ka isa ƙofar gidansa ka fara da ina kwana. Shi zai saurare ka har ƙarshe.

Hajiya Azumi