Ni Ce Na Kushe Littattafan Mijina da Sunan Ƙarya

Anti, don Allah ki taimaka min, abin nan ya tsaya min a wuya.

Mijina marubuci ne. Shekara goma sha biyu yana jan labari guda, na wata daular aljanu a ƙarƙashin teku, yanzu littafi tara. Huɗun farko ni na buga masa a kwamfuta, a teburin cin abinci, bayan na taso daga kemis ɗin da nake aiki. In na ce wannan babin ya yi sanyi, sai ya yage shi. Da ya yi suna, sai na koma mai kawo shayi. Daga na shida labarin ya lalace. Jarumar da muka yi kukan mutuwarta a na uku ya tashe ta ba dalili, ya ɓata shafi arba'in kan tarihin takobi ɗaya. Na faɗa masa, ya ce ban san adabi ba.

A zauren masu karatunsa na waya kullum musu ake, wasu su ce labarin ƙara daɗi yake, wasu su ce ya mutu tuntuni. Wata rana haushi ya ɗebe ni, na shiga da sunan ƙarya na rubuta cewa marubucin ya daina jin maganar kowa sai ta masu yi masa tafi. Aka yi ta yaɗawa. Mijina ya buga rubutun a takarda ya manna saman teburinsa. Wata uku ke nan bai rubuta layi ɗaya ba. Jiya ya roƙe ni in taya shi tsara martani, wai ni kaɗai ya yarda da ni. Abin da ya fi ƙona min rai, sai da baƙo ya faɗa sannan ya ji.

Matar Marubuci

Ƙanwata, haushinki yana da tushe. Wanda aka fara tafiya da shi aka ajiye shi a hanya dole ya ji ciwo. Amma ki duba rubutunki da kyau. Rabinsa kan littafi ne, rabinsa kan aurenku, kuma kin kai shi gaban dubban mutane.

Game da labarin, wataƙila kina da gaskiya, wataƙila a'a. Dogon labari yakan sauya, marubucin ma yakan sauya, kuma masu son na bakwai ba wawaye ba ne.

Kada ki taya shi rubuta martanin nan, ƙarya ce kan ƙarya. Ki faɗa masa da bakinki cewa ke ce, cikin makon nan, kafin wani ya gano salonki. Ki nemi afuwa kan ɓuyan da kika yi, amma kada ki janye ra'ayinki don ki lallashe shi. Zai yi fushi, ki ba shi lokaci. In ya huce, ki gaya masa abin da kika rasa: mijin da yake tambayarki.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya daidaita tsakaninku.