Furen da Bai Buɗe Ba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da shagon furenki.

Ni dai na shiga uku. Shugabar makaranta ta ce ranar taron iyaye ɗalibaina su sayar da furen lambunmu. In iyaye ba su nuna suna so ba, za a shafe lambun da siminti, a sallami Baba mai ban ruwa. Tsohon nan ma bai taimaki kansa ba. Wai mu yanki waɗanda ba su buɗe ba. Na ce masa a gaban yara, "Baba, kai dai tsaya ga tiyonka." Wa zai sayi koren ƙulli?

Ƙanwarki.

Auta,

Na ga takardarki, lafiya lau muke.

Shekara ashirin ina wannan sana'a, daga bakin irin su Baba na koya. Furen da ya gama buɗewa kwanansa ya ƙare. Amma na san ki, tun kina ƙarama sai kin taɓa wuta kike yarda da zafinta. Ki gaishe shi.

Yayarki.

Yaya,

Bayan gaisuwa, ki yi dariyarki, na yarda.

Mun yanke manyan da suka buɗe ana gobe taro, da rana tsaka, muka jera a gwangwanaye a kan tebur. Da safe duk sun sunkuyar da kai, teburin kamar an fige kaza. Wata yarinya har da kuka. Sai ga Baba yana jan bokitai biyu daga ɗakin ajiya. Ashe tun asuba ya yanko ƙullayensa, ya tsoma a ruwa. Ko kallona bai yi ba. Ya zaunar da yaran, ya nuna musu yadda ake datse kara a karkace, a zage ganyen ƙasa kada ruwan ya yi wari, a sa dogo a tsakiya, gajeru a gefe. Hannun da kullum nake gani cikin taɓo, Yaya, wallahi kamar na tela.

Iyaye sun sayi ƙullayen ne don kara, na gani a fuskarsu. Bayan kwana uku suka fara zuwa ofis. Wani uba ya ce furen ya buɗe a kan teburinsu, 'yarsa ta ƙi tafiya makaranta sai ta ga na ƙarshe ya buɗe. Shugaba ta ce lambu yana nan, Baba ma yana nan. Har ta yaba mini a taron malamai, na kuwa ji kunya ƙwarai.

Na kai masa sabon almakashi har ɗakinsa, ya yi ta godiya.

Ƙanwarki.

Auta,

Madalla, na yi murna. Almakashi kyauta ce mai kyau.

Amma a gaban yara kika ce ya tsaya ga tiyonsa. Ki tara yaran nan, a gabansu za ki ba shi haƙuri.

Yayarki.