Kada Ki Faɗa wa Inna

Tambuwal, 4 ga Yuni

Ƙanwata Ruwaida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ke da maigidanki da yara kuna lafiya, Inna kuma ƙafar ta yi sauƙi.

Kin yi ta kira ban ɗauka ba. Ba fushi nake ba. Dishewar muryar nan da na ce miki ƙurar alli ce da ihun aji, ashe ba haka ba ne. Makon jiya likitoci a Sakkwato suka zura mini abin haske ta hanci, suka ɗebi ɗan nama suka auna. Ciwon daji ne a maƙogwaro. Sun ce sai an cire wurin da murya ke fita gaba ɗaya, a huda mini ƙofa a gindin wuya in riƙa numfashi ta nan. Na tambayi likitan yaushe magana za ta dawo. Ya ce muryar da na sani ba za ta dawo ba.

Jiya na miƙa ajina ga wani malami, bayan shekara ashirin da biyu. Wannan na haɗiye shi. Inna ce ta tsaya mini a rai. Tun da idonta ya rufe, da murya take gane ni. Kowa zan iya rubuta masa, ita fa?

An sa ranar aikin, ashirin ga wata. Kada ki faɗa mata. Ki ce mura ce.

Yayanki,
Nu'umanu

*

Fakku, 9 ga Yuni

Yaya,

Wa alaikumus salam, da fatan jiki da sauƙi. Na'Allah direba ya ba ni takardarka a kasuwar Kebbe, na karanta a tsaye, sai da wata mata ta riƙe ni.

Na ce wa Inna mura ce. Ta ce, "Mura wata biyar? Wace irin mura ta wagga?" Kowace Juma'a bayan la'asar tana sa a ɗora mata waya a cinya, tana jiran kiranka. Ni ke kallonta, ba kai ba.

Don Allah, Yaya, ka zo kafin ranar. Ko kwana ɗaya. Ko da raɗa ne ka gaishe ta da bakinka, ka nemi addu'arta. Ta yaya za a kwantar da kai a yanka wuyanka, wadda ta haife ka ba ta sani ba?

Ki gaida Nasiha na kusa rubutawa, kai nake rubuta wa, ka ga kaina ba daidai yake ba. Ka gaishe mini da matar taka. Allah Ya ba ka lafiya.

Ƙanwarka,
Ruwaida

*

Sakkwato, 18 ga Yuni

Ruwaida,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun riga mun taho, an ba ni gado. Ki yafe mini. Sau biyu na shirya jaka na fasa. Abin da ya rage a maƙogwarona ba murya ba ce, ƙara ce kamar ana kankare tukunya. Inna tana ji za ta gane, ga hawan jininta. Gara ta zauna da muryar da ta sani.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. In ban farka ba, ki ce mata ban taɓa ƙin zuwa don raini ba. Nasiha tana tare da ni, za ta kira ki.

Yayanki

*

Fakku, 13 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa, ina yi maka barka. Nasiha ta ce an cire robar abinci ta hanci, har ka fara shan kunu, kun koma gida. Alhamdu lillahi.

Amma nan babu lafiya. Kwana shida ke nan Inna ba ta cin abin kirki. Ta ƙulla a ranta ka rasu muna ɓoye mata. Duk wanda ya yi sallama sai ta kasa kunne ta ji ko gaisuwar mutuwa ya zo. Shekaranjiya na same ta tana rabon gero sadaka da sunanka.

Na karya maganarka, na faɗa mata komai. Ta ce, "In yayanki na da rai, shi yi magana in jiya." Na ce ba ya iyawa, Inna. Ta ce, "To haka matattu su ka yi." Nasiha ta rantse mata ta waya, Inna ta ce ita ma an haɗa baki da ita.

Na san ɗinkin bai gama warkewa ba, na san yadda ruwa ya ɓata hanya. Amma ƙafafunta sun fara kumbura, ni kuma dabara ta ƙare mini. Ka tambayi likita ko za ka iya tafiya.

Allah Ya ƙara sauƙi.

Ruwaida

*

Fakku, 21 ga Yuli

Uwargida Nasiha,

Ina gaishe ki. Na iso lafiya, ban cire ƙyallen da ke rufe ramin wuyana a hanya ba, kamar yadda kika ce.

Na sami Inna kwance. Ruwaida ta ce, "Inna, ga Yaya." Ba ta motsa ba. Na durƙusa na kama hannunta na ɗora a fuskata. Ta shafa goshina, ta ja kunnuwana, ta gangaro wuya har ta taɓa ɗinkin. Na ɗaga ƙyallen. Ta bar tafinta a bakin ramin, numfashina yana bugunsa, ta daɗe a haka.

Sai ta ce, "Nu'umanu." Kin san ni ne ɗan fari, tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

Ta ci tuwo malmala guda. Yanzu tana tambaya, in e ne in matsa hannunta sau ɗaya, in a'a ne sau biyu. Ba ta sake ni ba tun azahar, da hagu nake rubuta takardar nan a gwiwa.

Zan ƙara kwana fuɗu. Ki aiko mini da sauran maganin ta hannun Na'Allah.

Mijinki,
Nu'umanu