Motar da Ban Taɓa Saya Ba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau, sai dai har yanzu a falon ƙawata nake kwana.

An hana ni hayar gida, wai na ci bashin mota ban biya ba. Ni da ko keke ban iya ba! Bashin wata takwarata ce, ita ma ɗaya ga Janairu aka rubuta mata ranar haihuwa, yadda Baba ya rubuta mana mu duka don ya huta. Masu karɓar bashi sun ishe ni da kira. Na ce su kawo shaida a rubuce, wai in kwantar da hankalina.

Don Allah ki nemo takardar haihuwata ta asibiti, in nuna musu ainihin ranar da aka haife ni. In Inna ta ce “ai da damina ne”, kar ma ki gaya mini.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki